Tabon Zaurenmu

Jumma'a, 12 ga Agusta 1988, bayan la'asar

Da sunan Allah. Ni ne Hodi, manomin shinkafa a Birnin Kabi. Ban yi boko ba, wata biyar kawai na zauna yaƙi da jahilci zamanin En'e, shi ya sa rubutuna yake hawa yana sauka. Littafin nan na Maliki ne, ɗana na biyu. Rabinsa aikin makaranta ne, rabi fari. Ba zai ƙara nemansa ba.

Yau kwana takwas da rasuwarsa. Masu gaisuwa sun ragu, an naɗe tabarmin ƙofar gida. Abin da ya rage shi ne bangon zaure, na hannun dama in ka shigo. Tabon ya kai faɗin faifai biyu, daidai inda kafaɗar mutum take kaiwa in ya zauna ya jingina, sai ɗigo-ɗigo da suka yi sama.

Dikko, ɗan farina, bai dawo ba. 'Yan sanda sun riƙe shi kwana huɗu, suka ce tsautsayi ne, suka ajiye bindigar suka sake shi. Daga can bai biyo gida ba, ya shiga motar Argungu, wurin yayata Balaraba. Magana ɗaya ya aiko: ba zai iya ratsa zauren nan ba. Gidanmu kuwa ƙofa ɗaya gare shi.

To zan wanke. In na wanke zai dawo.

Asabar, hantsi

Na tafasa ruwa da kaina na kawo, na dirza da soso. Ina cikin yi Malami maƙwabcina ya leƙo, carbi a hannu.

“Mi kaka yi haka, Hodi? Ruwan zahi? Tsoho da kai! Dahwa shi kaka yi. Tambayi kowace mace, jini da ruwan sanyi aka wanke shi.”

Na ce shekarata saba'in da ɗaya ban taɓa tambayar mace yadda ake gyaran bango ba. Ya ce ai ga shi nan an gani.

Da ya bushe ya daina zama baƙi, ya koma kalar goron da aka tauna. Ya ƙara faɗi kaɗan. Ruwan ne ya ja shi, ba komai ba.

Lahadi, bayan azahar

Toka da ruwan sanyi. Kanwa. Lemun tsami goma sha biyu da gishiri. Sabulun salo. Bangon ƙasa ne, duk abin da na ba shi sai ya shanye.

Malami ya ce in ɗauki fartanya in kankare wurin a yi sabon yaɓe, aikin yini ɗaya. Na ce a'a. Ya ce don mi. Na nuna masa, kamar bai sani ba.

A bangon nan babana ya fara zane tun kafin a haife ni. Duk wanda aka haifa a gidan nan, ranar sunansa a ja masa layi ɗaya tsaye da bakin wuƙa. Ranar da ya rasu a gitta masa wani. Shekarar yunwa a yi ɗan da'ira. Babana ya ja ashirin da uku, ni na ja talatin da takwas. Babu suna ko ɗaya a jiki, sunayen suna kaina. Ka ɗora yatsa a kan kowanne in faɗa maka wane ne, uwarsa wace ce, ruwa ya yi yawa a shekarar ko bai yi ba. Shekara hamsin ana shafe zauren nan ana kewaye wurin. Mutanen unguwa nan suke zuwa in an yi gardamar shekaru ko iyakar gona, domin kowa ya san ni ba na mantuwa.

Tabon ya rufe layi goma sha ɗaya. Ba zan kankare ba.

Talata, bayan sallar asuba

An kwana ana ruwa. Tabon ya yi duhu kamar na ranar.

Alhamis, la'asar

Kwana goma sha huɗu.

Laure, uwar yaran, ba ta taka zauren ba tun ranar. Ko masu gaisuwa ba ta rako ba. Tana tsayawa a bakin ƙofar ciki, bayanta ga bango, ta yi magana da ni. Sunan ɗan fari ba ya fita bakinta, haka aka rene ta, shekara talatin da huɗu ban ji ta kira shi ba. Yau ta ce, “Malam, wancan na Argungu, ko an ce shina cin abinci?”

Na ce ban sani ba.

Ta ce, “Ɗaya na ƙasa. Ɗayan kar ka bari gulbi shi cinye min shi.”

Ta koma ciki. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi.

Ranar da 'yan sanda suka zo, babbansu ya tambayi wanda ya taɓa bindigar a ƙarshe. Mutane suka ce a tambayi Baba Hodi, shi ba ya mantuwa. Na ce Dikko ya fita da ita ranar Asabar, korar tsuntsayen dinya a shinkafa. Ya fita da ita kuwa. Kowa ya gan shi. Ban yi ƙarya ba.

Ban yi ƙarya ba.

Asabar, 20 ga wata, almuru

Farar ƙasa. Na dama ta da kauri na shafa da tsumma, sau uku, ina bi a hankali kada ta cike zanen. Da yamma bango ya yi fari fat. Na kira Malami ya gani, ya ce ma sha Allahu. Na ba wani direban Argungu saƙo ya kai wa Balaraba: a gaya wa yaron zaure ya yi fes, ya zo gida.

Na ci tuwo yau har na ƙara.

Litinin, hantsi

Ya fito.

Ba duka lokaci ɗaya ba. Ɗigo bakwai ne suka fara hudo farar ƙasar, ja-ja, kowanne da ɗan hawaye yana gangarowa. Kafin rana ta take sun haɗe. Tururuwa sun yi layi daga ƙasa, suna zuwa gab da shi sai su rabu biyu su kewaye.

Direban ya dawo. Ya ce ya faɗa, yaron ya ce to.

Talata, ranar cika-ciki

Kowane gida ana dahuwa. Mu ma an dafa, an ba maƙwabta.

Akuyarmu baƙa, wadda take lasar kowane bango don gishiri, ta shigo zaure da azahar. Na zuba gishiri a wurin nan ya fi mudu. Ta tsaya nesa da shi kamar taku uku, ta miƙa wuya, ta daɗe a haka. Sai ta juya ta dube ni. Na jefe ta da takalmi.

Alhamis, bayan azahar

Bari in rubuta dokar bindiga a gidan nan, don kada wani ya ce ba mu da doka. Babana ya kafa ta, ni na koya wa yarana da bulala.

Bindigar toka ce, ta baki ake ɗura ta, ba a ganin cikinta. Saboda haka in da ɗuri a ciki, a ɗaura mata jan ƙyalle a wuya, a rataye ta a marataya ta sama. In babu komai, a jingine ta a kusurwa, ba ƙyalle. Yaro ɗan shekara biyar a gidan nan ya san wannan. Wanda ya gan ta a kusurwa ba ƙyalle, ya ɗauka ya shafa mata mai, ya gwada kunamarta, bai yi laifi ba.

Ranar Alhamis ɗin da Dikko ya ɗauke ta, tana kusurwa. Ba ƙyalle.

Ƙyallen yana nan. Na san inda yake.

Hannuna ya gaji.

Jumma'a

Sau biyu na sake shafa farar ƙasa. Sau biyu.

Lahadi, 28 ga wata, bayan isha

Na je Argungu na dawo. Hanya duk ruwa, gulbi ya cika ya haye gonakin bakinsa.

Balaraba na tarar tana ɓarar gyaɗa. Ta girme ni da shekara uku, ba ta taɓa barina in manta ba.

“A'a, Sarkin Tuni da kainai! Ka baro bangonka wa ka tsaronai?”

Na ce ina yaron.

“Shina inda ka barshi shi tahi. Bakin ruwa. Tun asuba har duhu, shina ɗinkin homar kamun kihi ta mutane ba a sa shi ba. Hura ludayi ukku, shi ke nan cin nai. Da dare in ji shi shina lissahi.”

“Lissafin me?”

“Ranar Assabar. Shina cewa ya harba sau ɗaya, ya ɗura, ya harba na biyu. Ko bai harba na biyu ba? Ya harba. Ko bai harba ba? Haka har gari shi waye. Hodi, kai da ba ka mantuwa, ba ka ji ƙarar bindiga sau nawa ba ranar?”

Na ce fadama da nisa.

Ta daina ɓarar gyaɗar ta dube ni. Tun muna yara na san kallon nan. Ta ce, “Hm.”

Na gangara bakin gulbi. Na hango shi zaune a kan jirgin da aka kife, raga a cinyarsa. Rigar da ya bar gida da ita ce, ta yi masa yawa yanzu. Ba ɗinki yake ba, ruwan yake kallo, leɓensa yana motsi. Na tsaya bayan wata giginya na daɗe. Na ce wa kaina ban zo da labarin kirki ba, tunda bango bai fita ba, me zan ce masa? Na juyo.

A mota wata mata ta tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Talata, hantsi

Na auna tabon da igiya na ƙulla. Gobe in sake aunawa.

Laraba, hantsi

Ya wuce ƙullin da yatsa biyu.

Alhamis, 1 ga Satumba, la'asar

Malami ya kawo mini wani magini, Riskuwa, mutumin Zuru da yake aikin gidajen gwamnati a Gesse. Gajere ne, mai dariya, amma da ya shigo zauren ya cire hula. Ya shafa bangon, ya shinshina yatsansa, ya ƙwanƙwasa.

“Baba, farar ƙasa ba ta riƙe wannan. Bangon ya sha ruwan damina, abin da ke ciki yana fitowa ne. Ko ka shafa sau ɗari. Sai an sare shi zurfin yatsa, a fitar da ƙasar waje, in yi maka siminti.”

Na nuna masa zanen. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Ya ce kakansa ma duwatsu yake tarawa a tulu. Sannan ya ce, “Amma Baba, waɗannan sun riga sun tafi. Wancan na Argungu an ce da ransa.”

Na ce wa ya tambaye ka.

Laure tana bakin ƙofar ciki, ashe tana ji. Ta ce, “Malam, a sare.”

Shekara talatin da shida ba ta taɓa sa baki a maganar zaure ba. Na ce ya zo Lahadi.

Jumma'a, bayan an sauko masallaci

Na zauna in kwashe sunayen da za a sare in zuba a nan.

Nana ƙanwata, shekarar fara. Abdussamadu, kwana tara ya yi. Tamba ɗan wana, wanda ya tafi Gwanja bai dawo ba, ban gitta masa ba har yau. Asiya. Maryamu ta farko. Sama'ila mai yatsa shida. Tagwayen Ruƙayyatu, layi biyu a manne. Maryamu ta biyu. Maliki.

Goma ke nan. Layi goma sha ɗaya ne. Akwai ɗaya tsakanin Asiya da Maryamu ta farko, an gitta masa. Na ɗora yatsa a kai tun azahar har la'asar.

Ban san ko wane ne ba.

Lahadi, 4 ga wata, almuru

An sare.

Riskuwa ya fara da guduma da kurfi, na ce ya ba ni, ba wanda zai taɓa zanen babana sai ni. Ƙasar tana faɗowa ɓawo-ɓawo. Zurfin yatsa ɗaya, ja. Zurfin yatsa biyu, ja. Warin albarushi ya tashi, bayan wata guda. Riskuwa ma ya ji, na ga ya toshe hanci.

Sai kurfin ya bugi wani abu. Ya sa yatsa ya zaƙulo, ya goge a wandonsa. Guntun ƙusa ne, ya yi tsatsa. Ya ci gaba da tono har ya fitar da bakwai.

“Ka ga abinka, Baba. Tsatsa ce take fitowa in bango ya jiƙe. Jini ba ya yin haka.” Ya juya ɗaya a tafin hannunsa. “Amma wa yake ɗuri da yankakkiyar ƙusa yanzu? Samari duk ƙwallayen keke suke sawa. Wannan aikin mutanen da ne.”

Malami yana tsaye. Shekara arba'in muna fita fadama tare, ya san abin da kowa yake zubawa a bindigarsa. Ya dubi ƙusoshin, ya dubi rufin zaure, ya ce ya tuna bai ba tumakinsa ruwa ba. Ya fita.

Na karɓe su na zuba a aljihu. Riskuwa ya kwashe ƙasar a kwando huɗu, na sa aka kai bayan gari aka binne. Ya yi simintinsa sumul.

Litinin

Malami bai leƙo ba.

Laraba, hantsi

Suna aljihuna. In na yi sujada sai su yi ƙara.

Jumma'a, 9 ga wata, bayan la'asar

Siminti ya bushe, an shafa farar ƙasa. Babu komai. Na sake aikawa Argungu. Amsar dai ita ce, to.

Zan rubuta ranar Litinin.

Bayan Asabar ɗin da Dikko ya fita da ita akwai Lahadi, akwai Litinin. Ranar Litinin na tashi kafin kowa. Dinya sun dame mu a shinkafa, yaran kuma sun daɗe suna cewa in bar bindiga, idona ya rage. Maliki har dariya yake mini, yana cewa Baba zai harbi kututture ya ce dinya ce. Na ce bari in kawo musu biyu in ajiye a tsakar gida in ga bakin dariya.

Tana kusurwa, ba komai a cikinta. Yaron ya bar ta yadda doka ta ce. Na ɗura da hannuna, albarushi, tsumma, ƙusa. A fadama yayyafi ya same ni. Dinya suka sauka kusa, ko da sanda sai ka same su. Na ja kunama. Ƙyas. Na sake. Ƙyas. Ruwa ya taɓa albarushin. Suka tashi.

Na dawo ta bayan gari don kada a gan ni hannu wofi. Na shigo zaure na ji motsin Maliki yana fitowa alwala. Na yi sauri na jingine ta a kusurwa, kusa da inda muke hura wuta in ana ruwa. Na ce in ya wuce sai in ɗaura ƙyallen in rataye. Ƙyallen yana cikin hulata.

Ya gaishe ni, muka yi maganar taki. Aka kira ni rabon gardamar wata gona.

Kwana uku tana shan ɗumin wuta.

Na manta. Ga shi na rubuta. Ni Hodi, na manta.

Talata, 13 ga wata, bayan azahar

Sadakar arba'in. An yi addu'a a ƙofar gida, an raba waina. Mutane suna shiga zaure suna yaba aikin Riskuwa. Dikko bai zo ba.

Balaraba ta aiko jikanta babba da saƙo, ta ce a faɗa mini ni kaɗai. Shekaranjiya Dikko ya shiga gulbi da rana tsaka, ba gora, ba jirgi, da rigarsa. Ya yi ta tafiya har ruwa ya kai masa wuya. Masunta suka jawo shi. Ya ce musu wanka yake.

Bayan kowa ya watse na zauna ina duban bangon. Daidai kafaɗa akwai wuri kamar ƙwayar gero, ja. Na sa farce, bai fita ba.

Babu ƙarfe a ciki. Ni na tsince su, suna aljihuna.

Alhamis, 15 ga wata, almuru

Na koma Argungu. Ban tsaya wurin Balaraba ba, na ji tana kirana na wuce.

Yana kan jirgin nan. Wani tsohon masunci yana zaune nesa kaɗan yana gadinsa, ya yi kamar gyaran gora yake. Na yi sallama. Ya zabura zai durƙusa, na ce zauna. Na zauna kusa da shi, abin da ban taɓa yi ba tun yana goye.

“Baba, an ce kun gyara zaure. Kun sha wahala. Ku yi haƙuri, ba bangon na ba.”

Na ce miƙo hannunka. Ya miƙo. Na juye masa su bakwai.

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki ɗaya ya duba bakin yankan. Tun yana ƙarami shi yake riƙe mini ƙusa in na sara.

“Ina anka samo wanga?”

“Cikin bango.”

“Ni ba ni ɗuri da ƙusa.”

“Na sani.”

Na faɗa masa ranar Litinin, tun daga tashina har maganar taki. Ban rage ba. Na ciro ƙyallen daga hulata na ɗora a kan jirgin. Ina magana ina kallon ruwa, domin ban iya kallonsa ba.

Da na gama ya ce, “Sau biyu na harba ke nan.”

Na ce sau biyu. Na ji da kunnena, ina gonar tudu.

“Kun ji.”

“Na ji.”

“Goggo ta ce ta tambaye ku.”

Ya rufe hannunsa a kan ƙusoshin har na ga jini yana bin tsakanin yatsunsa. Bai ɗaga murya ba.

“Kwana arba'in da biyu, Baba. Kuna wankin bango.”

Can ya ce, “Inna ta sani?”

Na ce a'a.

“To ku tahi ku hwaɗa mata. Ba ni za ku aiko ma direba ba.”

Ya juya mini baya. Na bar ƙyallen a wurin.

Jumma'a, bayan sallar asuba

Na shiga ɗakinta, tana kan buzu ba ta tashi daga sallah ba. Na tsaya a tsaye na faɗa. Karo na biyu ya fi na farko wuya, ban san dalili ba.

Ta saurara, carbinta bai tsaya ba. Da na kai ƙarshe ta ce, “Da anka tambaye ka gaban mutane, shina tsaye?”

Na ce yana tsaye.

“Da ankwa a hannu nai?”

Na ce e.

Ta ce, “Hita, Malam. Ban gama lazimi ba.”

Na je masallacin Jumma'a. Bayan sallah na tsayar da Malami da liman da mutum huɗu na unguwa, na sake faɗa. Liman ya ce Allah Ya sa kaffara ce, ya ce gobe zai raka ni wurin hukuma in gyara maganata. Wani ya fara cewa ai tsufa ne, kowa yana mantuwa. Malami ya ce masa yi shiru.

Asabar, hantsi

Ta fito da mayafinta da 'yar jaka. Ta ratsa zauren, ba ta rufe ido ba, ba ta yi sauri ba. A bakin ƙofa na ce ina zuwa.

Ta ce, “Za ni ɗauko Dikko.”

Da bakinta ta faɗi sunan, a kan titi, mutane suna wucewa.

Ni da liman mun je mun dawo. An rubuta, an ce in koma ranar Litinin.

Tabon ya kai faɗin tafin hannu yau.

Lahadi, 18 ga wata, bayan magariba

Sun iso da la'asar. Ina zaune a zaure na ji tsayuwar mota, na ji muryar Balaraba tana faɗa da direba a kan ya taka mata ƙullin kifi. Ita ta fara shigowa. Ta dube ni ta ce, “Sannu, Hodi.” Ba ta ƙara komai a kai ba, ta wuce.

Sai Laure. Sai shi, a bayanta, hannunsa ɗaure da tsumma.

Ya tsaya a bakin ƙofa. Na ga ƙafarsa ta dama ta ɗaga ta koma. Uwarsa ba ta juyo ba, ta dai miƙa hannu baya ta kama bakin rigarsa. Ya shigo.

Tabon yana nan a gefensa, ya kusa faifai guda. Na zuba ido in ga ko zai gan shi. Bai dubi bangon ba ko sau ɗaya. Ni ya duba. Ya rusuna kaɗan, ya ce, “Mun same ku lahiya?” Na ce lafiya lau. Ya shige.

Bayan sun wuce na kira Malami na nuna masa wurin. Na ce me ka gani? Ya matsa kusa, ya shafa, ya daɗe. Ya ce, “Hodi, magariba ta yi, mu tahi masallaci.”

Ban sake tambayarsa ba. Na zubar da sauran farar ƙasar a bayan gida.

Yanzu an aiko mini da tuwo nan zaure, kwano ɗaya, da tabarmata da bargona a naɗe. Ba wanda ya ce kada in shiga. Ba wanda ya ce in shigo. Na shimfiɗa a gindin bangon, nan ne ba ya yoyo.

Daga ciki ina jin Balaraba tana surutu, ina jin ƙarar ludayi. Ɗazu na ji shi yana tambayar uwarsa ko da sauran miya.